AC na ɗaukewa a cunkoso, kwamfuta ta nuna P0533 da P0128: sensa zan canza?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin mota ku ba ni shawara kafin in sake kashe wani kuɗin. Honda Civic ce ta 2008, 'yar Amurka, shekara uku tana hannuna. Tun shigowar zafin nan AC ɗin ya canza hali. Da safe in na fito daga Hotoro sanyi ƙalau, a kan titi in ina gudu ma ba laifi. Amma da na shiga cunkoso da rana, musamman wajen Kantin Kwari, sai in ji kwamfiresa ta yi ƙas ta saki, iska mai ɗumi ta fara busowa. Sai na samu hanya na taka sannan sanyin ya dawo. Sau biyu ana ƙara min gas cikin wata ɗaya, abin sai ma ƙaruwa ya yi. Wutar cek injin kuwa tun lokacin hunturu take kunne. Jiya na kai an jona kwamfuta, ta fito da P0533 da P0128. Yaron ya ce sensar gas ce ta mutu, in sayo sabuwa, ya goge lambobin. Yau da safe wutar ba ta dawo ba, amma da rana AC ya sake ɗaukewa, ga yara a baya na ɗauko su daga makaranta, ƙaramar har ƙuraje sun feso mata a wuya. In sayi sensar?

Sani Direba: Wa alaikumus salam. Alhaji kar ka wahalar da kanka. Ka je wajen rewaya ya yi maka gada a wayar sensar, ya haɗa kwamfiresa kai tsaye. Haka aka yi wa tawa, shekara guda ke nan sanyi kamar firij.

Malam Nura Rewaya: Sani, don girman Allah ka daina ba mutane wannan shawarar. Ni aikina ke nan, shekara goma sha bakwai ina kan wayar mota, kuma na ga ƙarshen irin wannan gadar da idona. Wannan sensar ita ce mai gadin kwamfiresa. In matsin gas ya yi ƙasa sosai ta hana ta tashi, domin man da ke shafe cikinta tare da gas yake zagayawa, in babu gas a bushe za ta yi ta juyawa. In matsin ya yi sama ya wuce kima ta kashe ta kafin tiyo ya fashe. Ka cire mai gadi, ranar da fanka ta tsaya a rana tsaka, ko tiyo ya tashi ko kwamfiresa ta cije, garin ƙarfe ya bi duk layin. Daga nan kwamfiresa da kwandensa da balb duk sai an canza.

Baban Khalifa, kar ka sayi komai tukuna. P0533 ba ta ce sensa ta mutu ba. Abin da take cewa shi ne, ƙarfin wutar da ke dawowa daga layin sensar matsin gas zuwa birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin motar, ya yi sama fiye da yadda ya kamata. Abubuwa uku ke kawo haka: ko matsin ne da gaske ya hau, ko waya ko soket sun samu matsala, ko kuma ita kanta sensar. A wajen aikina ta ukun ce ta fi ƙaranci. Ka amsa min waɗannan: in ka kunna AC mota na tsaye, fanka nawa ke juyawa? Kuma mai ƙara gas ɗin ya auna da sikeli, ko kawai ya jona gwangwani ya ɗura?

Baban Khalifa: Malam Nura na gode. Fankar ni dai na san da na murɗa makulli take tashi, ba ta tsayawa sai na kashe mota. Wani bakanike ne ya haɗa min ita haka bara, lokacin da ya cire tamostat, abin nan da ke tare ruwan injin har sai ya yi zafi, ya ce nan ƙasar zafi ce ba ma buƙatarsa. Gas kuwa ba wani sikeli, hannu ya ɗora a kan bututu ya ce ya yi.

Malam Nura Rewaya: To ga P0128 ɗinka nan ka faɗa da bakinka. Ma'anarta ruwan injin bai kai zafin da ya kamata ya kai ba a cikin lokacin da birenbos ke sa rai. Ba tamostat, fanka na gudu tun daga tashi, ga sanyin Disamba da Janairu, ta ina injin zai ɗau zafi? Shi ya sa wutar ta kunna da hunturu. Kuma Civic ɗinka fanka biyu gare ta, ta lagireto da ta kwandensa. Ka buɗe bonet ka kunna AC ka leƙa, ka gaya min ko duka biyun na juyawa.

Baba Ɗanlami Bakanike: Nura yarona, a nan kam ban bi ka ba. Tun zamanin Fijo 504 muke cire tamostat a garin nan, tun ba a haife ka ba. Turawa sun sa shi ne saboda ƙanƙararsu. Mu da watan Afrilu ke kai mana digiri 40 da ɗoriya, me za mu yi da abin da ke tare ruwa? Na sha ganin tamostat ya cije a rufe a hanyar Zariya, injin ya tafasa, gasket ya ƙone, mutum da iyalinsa a bakin daji. Wanda aka cire wa bai taɓa dawo min da wannan kukan ba.

Malam Nura Rewaya: Baba, Allah ya ƙara girma, a hannun irinku muka koya, kuma maganar tamostat mai cijewa gaskiya ce. Amma 504 kafireta gare ta, ba ta da wani mai lissafi a cikinta. Motocin yanzu birenbos ne ke auna man da zai fesa, kuma yana duba zafin ruwa kafin ya yanke. In ya ga ruwa da sanyi sai ya ɗauka injin bai gama ɗumama ba, ya ƙara mai, kamar yadda kuke jan cok da asuba a da. Mota ta wuni da cok a jawe, Baba, ka san abin da zai biyo baya: shan mai, filogi ya yi baƙi, baƙin mai ya tsinke ya riƙa warin fetur. Tamostat na buɗewa ne wajen digiri 80, injin kuma an ƙera shi ya yi aiki kusa da 90. Zafin garinmu na 40 bai ko kama ƙafar wannan ba. In tamostat ya tsufa, a sa sabo mai kyau, a zuba ruwan lagireto na gaske maimakon ruwan rijiya da ke cinye shi da tsatsa.

Baba Ɗanlami Bakanike: Mai kyau ɗin ne wahalar samu. Kashi nawa na abin da ke kasuwa ne na gaske? Ni abin da hannuna ya taɓa nake faɗa. Amma maganar shan mai na yarda, masu motocin da na cire wa sukan yi wannan ƙorafin, ni kuma a kan nozul nake ɗora laifin.

Abba Ɗalibi: Malamai ku yi haƙuri in tsoma baki, ina koyo ne. Su waɗannan lambobin daga ina suka samo asali? Kowace mota iri ɗaya take bayarwa?

Injiniya Bashir: Abba, tambaya mai kyau. Tsarin sunansa OBD-II. Amurka ta wajabta shi a kan ƙananan motocin da ake sayarwa a can tun 1996, Turai kuma ta bi da nata, masu fetur daga 2001, masu dizal daga 2004. Shi ne soket ɗin nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Harafin farko na gaya maka sashen: P injin da giya, B jikin mota kamar AC da jakar iska, C ƙafa da birki, U kuma layin da kwamfutocin motar ke magana da juna. In sifili ya biyo bayan P, ma'anar ɗaya ce a kowace mota, P0533 a Honda ita ce P0533 a Ford. In 1 ne ya biyo, wannan na kamfanin ne, sai ka duba littafinsu.

Abin da ya fi damuna a labarin Baban Khalifa shi ne gogewar da yaron ya yi. Duk lokacin da lamba ta kunna wutar cek, birenbos na adana hoton abin da ke faruwa a wannan daƙiƙar: zafin ruwa nawa, injin na juyi nawa, mota na gudu ko tsaye. Wannan hoton rabin bincike ne. Da ka goge lamba ya tafi. Haka masu cire kan batir don wuta ta mutu. Ku ɗauki hoton allon kwamfutar da wayarku kafin kowa ya danna gogewa.

Hajiya Maman Afnan: Sannunku da ƙoƙari. Ni ma ina bibiya don ina da irin wannan damuwar. Camry gare ni mai AC ɗin da ke daidaita kansa. Satin da ya wuce na kai sabis, suka jona kwamfuta suka ce akwai B1421, wai sensa ce ta lalace sai an cire dashbod. AC ɗin kuwa lafiyarsa lau. Na ce su bari in yi shawara da maigida.

Injiniya Bashir: Hajiya, a cikin rumfa aka jona kwamfutar ko a fili?

Hajiya Maman Afnan: A cikin gareji ne, can ciki, har fitila suka kunna.

Injiniya Bashir: To kar ki bari a taɓa miki dashbod. B1421 a Toyota ta sensar hasken rana ce, ɗan ƙaramin abin nan mai kamar maɓalli da ke saman dashbod kusa da gilashi. In aka gwada mota a inuwa tana iya nuna wannan lambar ko da lafiyarta ƙalau, domin ba ta ganin haske. A fitar da motar rana a sake gwadawa. Ki kuma duba ko akwai kafet ɗin dashbod ko kwalin tishu da ya rufe ta. 'Yan'uwanta su ne B1411 ta zafin cikin mota, B1412 ta zafin waje da ke bayan bamba, B1413 ta ibaporeta, inda sanyi ke fitowa a cikin dashbod, B1423 ta matsin gas. Waɗannan in sun fito a kula da su.

Hajiya Maman Afnan: Ikon Allah. Wallahi akwai kafet, maigida ne ya shimfiɗa saboda rana na fasa dashbod. Allah ya saka da alheri Injiniya.

Isuhu Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Kano. Mu nan galibi motocin Turai ne ke zo muna ta Kwatanu. Wani abu da ya taɓa samu na, kilim, wato AC, ya ƙi tashi sam, gas cike, fis lafiya. Ashe ƙaramin karo da na yi da bamba ya tsinke wayar sensar zafin waje. Kwamfuta na nuna digiri 40 ƙasa da sifili, a Maraɗi, cikin watan Mayu. Motar ta ɗauka cikin ƙanƙara take, ta hana kwamfiresa tashi. Waya guda aka ɗaure, shi ke nan.

Malam Nura Rewaya: Malam Isuhu ka kawo misali mai kyau. Sensocin zafi yawanci haka suke, in waya ta tsinke sai su nuna sanyi na ƙarshe, a motoci da yawa 40 ƙasa da sifili. In wayoyin suka haɗe kuma su nuna zafi na ƙarshe. A sensar ruwan injin tsinkewa ita ce P0118, haɗewa P0117. Kuma in birenbos ya ɗauka injin na tafasa, da kansa zai kashe AC don ya rage wa injin nauyi. Shi ya sa nake cewa mai gyaran AC da bai duba zafin ruwa ba bai fara aiki ba.

Sani Direba: Malam Nura duk na ji, amma talaka fa? Ba kowa ke da kuɗin kwamfuta da sikeli ba. Gada ɗari biyar ce.

Injiniya Bashir: Sani, ƙaramar na'urar ELM327 da ake jonawa da waya ta Bluetooth ba ta kai kuɗin cika tanki ba, kuma za ta karanta maka lambobin injin da zafin ruwa kana zaune a motarka. Iyakarta dai ba kasafai take shiga sashen AC ta karanto lambobin B ba, wannan sai babbar kwamfuta. Ka kwatanta da kuɗin kwamfiresa ko da 'yar Beljiyam ce a Ƙofar Ruwa. Kuma kai da ke ɗaukar fasinja, in tiyo ya fashe a gaban mota cike da mutane, tsoratar kaɗai ta isa ta jawo haɗari.

Baban Khalifa: Malam Nura na duba yanzu da na dawo daga La'asar. Fanka ɗaya ce ke juyawa. Ɗayar tsit take ko da AC a kunne. Na kashe mota na tura ta da sanda, tana juyawa amma da nauyi, tana wani ƙara kamar yashi a ciki. Kuma na haska kwandensa da tocila ta ramin bamba, wallahi ba a ganin ƙarfen, ƙura ce ta daskare da gashin kaza da guntun leda.

Malam Nura Rewaya: Alhamdu lillahi, ga bakin zaren. Aikin kwandensa shi ne ta zubar da zafin da gas ya kwaso daga cikin mota. In kana gudu iskar hanya na yi mata fifita, sai ka ji sanyi. In ka tsaya a Kwari ba iska, fanka ɗaya ta mutu, ƙurar hunturu ta toshe ramukan, ga gas da aka ɗura sau biyu ba awo. Matsi zai yi ta hawa har a kashe kwamfiresa. Sensar da ake so ka jefar aikinta take yi, ita ta cece ka zuwa yau.

Amma kar mu tsaya nan, ina so a tabbatar da layinta. Waya uku gare ta: ɗaya na kawo bolt 5 daga birenbos, ɗaya ta ƙasa ce, ɗaya na mayar da saƙo. Saƙon kan yi yawo tsakanin kusan rabin bolt da huɗu da rabi, gwargwadon matsi. Gobe da safe kafin mota ta yi zafi, a jona gejin auna matsin gas a kuma jona kwamfuta, injin a kashe, makulli a buɗe. Abin da geji ya nuna da abin da kwamfuta ta nuna su zo kusa da juna. Gas ɗin R134a in mota ta kwana, zafin gari na wajen digiri 30, za ka ga kusan psi 95 zuwa 100 a ɓangarorin biyu. Sannan a riƙa girgiza soket ɗin da hannu ana kallon allo. In lamba ta yi tsalle, waya ce. In wayar ƙasa ta saki, saƙon kan haura kusa da bolt 5, kuma wannan ita ce P0533 ɗinka.

Abba Ɗalibi: Malam, to in geji ya nuna 100 ɗin, ke nan gas ya cika daidai?

Malam Nura Rewaya: A'a Abba, nan ne da yawa ke ruɗewa. Muddin akwai ruwan gas a layin, ko rabi ne ko ya yi yawa, in mota na kashe kusan matsi ɗaya za ka gani, domin zafin gari ne ke yanke shi. Yawan gas da nauyi ake saninsa. Akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet da ta faɗi irin gas da gram nawa. A kwashe na ciki, a ja iska da famfon bakyum kamar rabin awa don danshi ya fita, a rufe a ga ko allura za ta motsa, sannan a ɗora tulu a sikeli a zuba abin da takarda ta ce. Kuma ku lura da abin da ake zuba muku. Gas ɗin firij na R600a yana kama wuta, R22 na AC ɗin gida kuma matsinsa ya fi ƙarfin layin mota. Sababbin motocin Turai da Amurka da yawa R1234yf suke sha, ba a gauraya shi da R134a.

Baba Ɗanlami Bakanike: Wankin kwandensar nan a yi shi a hankali. Yaran wankin mota in suka sa mata injin feshi kusa-kusa sai su kwantar da ƙarafan, iska ta daina wucewa gaba ɗaya. Ruwan tiyo mara ƙarfi, daga ciki zuwa waje in hannu zai shiga.

Ummaru Mai Shago: Tunda ana maganar wutar cek, ni tawa ƙiftawa take yi in na hau gada ko na ɗauko kaya, mota na kakkarwa. Zan iya lallaɓawa zuwa ƙarshen wata?

Injiniya Bashir: Malam Ummaru, ka ajiye ta yau. Wuta a tsaye tana ba ka lokaci, mai ƙiftawa ba ta bayarwa. Silinda ce ke fashin wuta, ɗanyen fetur na wucewa salansa yana ƙonewa a cikin katalis, abin da ke tace hayaƙi, har ya narkar da shi. Za ka ga P0300, ko P0301 zuwa P0304 in silinda huɗu ce, lambar ƙarshe ita ce silindar. A musanya kwayil ɗin wannan silindar da na maƙwabciyarta, in lambar ta bi kwayil an gano, in ta tsaya a duba filogi da nozul. Sau da yawa abu ne mai sauƙi in an yi shi da wuri.

Baban Khalifa: 'Yan'uwa ga yadda ta kaya, na wuni a gareji yau. Na samu wani mai AC da ke da geji da sikeli, na nuna masa saƙon Malam Nura, ya karanta ya ce haka za a yi. Da safe geji da kwamfuta sun zo kusan ɗaya. Da ya taɓa soket ɗin sensar sai lambar ta tashi sama ta dawo. Ya zare shi, ƙafa ɗaya ta yi kore shar da tsatsa, ta saki, ina jin ruwan wankin injin ne ya shiga. Ya wanke ya matse ta, ya sake girgizawa, lamba ba ta motsa ba. Fankar kwandensa injin da ke juya ta ne ya ƙone, mun samo wata. Da ya zuba wa kwandensar ruwa, abin da ya gangaro ja ne kamar kunun kanwa, ya fi minti goma kafin ruwan ya yi fari. Takardar bonet ta ce gram 400 zuwa 450, ya kwashe na ciki ya ja iska ya zuba daidai a kan sikeli ina tsaye. An mayar da fankar lagireto kan rile ɗinta, an sa tamostat. Da gangan na bi ta Kwari ƙarfe biyu na rana, na yi kusan minti ashirin a tsaye, kwamfiresa ba ta saki ba, fankokin biyu na tashi tare. Sensar tana nan, ita ce dai ta da.

Baba Ɗanlami Bakanike: Madalla. Tunda ka mayar da tamostat, ka sa ido a kan allurar zafi satin nan, kuma da safe kafin ka tayar ka duba ruwa, wani lokaci iska na maƙalewa a layin bayan an buɗe shi. Ka kuma lissafa min man da take sha yanzu, ina so in gani da kaina.

Malam Nura Rewaya: Alhamdu lillahi. P0128 ba ta dawowa a tashi ɗaya, sai birenbos ya gwada a tafiya biyu a jere, don haka bayan kwana huɗu ko biyar ka sake jona kwamfuta a duba ko akwai lambar da ke jiran fitowa. Ka ce a duba maka matatar iskar cikin mota da ke bayan akwatin gaban fasinja, in kwandensa ta sha wannan ƙurar ita ma ta sha. Sani, kai kuma ka kawo taka ranar Asabar bayan Azahar in cire maka gadar nan, mu ga abin da ya sa aka yi ta tun farko, ba sai ka biya kuɗin aiki ba.

Sani Direba: To Malam, in Allah ya kai mu zan shigo. Tawa ma fanka ɗaya ce ke juyawa.